Damuwa da Hanyoyin Tunkararta a Karkarar Kano ta Yamma: Waiwaye Daga Mainika

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi yadda Bahaushen karkara yake fahimtar damuwa da yadda yake tunkararta a makaranta da wurin nema da cikin iyali. An ɗauki mazaɓar Mainika ta Ƙaramar Hukumar Gwarzo da maƙwabtanta na ƙasar Kabo a matsayin farfajiyar nazari. An dogara ne a kan kalmomin Hausa da karin magana da al'adun zamantakewa, tare da ayyukan masana halayyar ɗan'adam da na tattalin arzikin karkara. Ra'ayin maƙalar shi ne, haƙurin da Bahaushe ya ɗauka babban maganin damuwa bai taɓa tsayuwa shi kaɗai ba, domin akwai ginshiƙai na dangi da maƙwabtaka da suke tallafe da shi. Ginshiƙan suna raunana, kalmar kuwa tana nan daram a bakin jama'a, shi ya sa a yau takan zama murfi a kan tukunyar da take tafasa.

Fitilun Kalmomi: damuwa, haƙuri, zumunta, Mainika, lafiyar ƙwaƙwalwa

1.0 Gabatarwa

Mainika ɗaya ce daga cikin mazaɓu goma na Ƙaramar Hukumar Gwarzo, a yammacin Jihar Kano. Titin da ya fita daga birni ta gaban sabon mazaunin Jami'ar Bayero, ya ratsa Rimin Gado da ƙasar Kabo ya isa Gwarzo, shi ne ya zarce zuwa Dayi da Malumfashi a Jihar Katsina. Ƙidayar 2006 ta ba Gwarzo sama da mutum 180,000, Kabo kuma sama da 150,000, kuma akasarinsu manoma ne da suke haɗawa da kiwo da ƙananan sana'o'i. Yankin bai yi nisa da birni har ya kuɓuta daga tsadarsa ba, bai kuma yi kusa da shi har ya mori manyan asibitocinsa da guraben aikinsa ba.

Akwai fahimtar da ta yaɗu a tsakanin 'yan boko cewa damuwa cutar birni ce, ta ma'aikacin ofis da mai fama da cunkoson motoci, shi kuwa mutumin ƙauye hankalinsa a kwance yake. Wannan fahimta ba ta yi wa mutumin karkara adalci ba. Magidancin da rumbunsa ya ƙare a watan Agusta, ga matarsa da tsohon ciki, ga ɗansa yana jiran kuɗin jarrabawa, bai rasa komai daga abin da masana suke kira damuwa ba. Abin da ya bambanta shi da ɗan birni shi ne sunan da yake ba abin, da kuma ƙofar da yake ƙwanƙwasawa idan abin ya isho shi.

2.0 Damuwa a Bakin Bahaushe da a Ɗakin Gwaji

Harshen Hausa bai yi ƙarancin kalmomi a wannan fage ba. Akwai damuwa da zullumi da fargaba, waɗanda suke kallon abin da bai iso ba tukuna. Akwai ɓacin rai da takaici da baƙin ciki, waɗanda suke kallon abin da ya riga ya auku. Akwai ƙunci, wanda asalinsa matsewar wuri ne aka aro shi ga ƙirji. Jiki ma yana da nasa harshen: tagumi, da ajiyar zuciya, da rama ba tare da jinya ba. Babba da ya ga yaro ya yi tagumi yakan yi maza ya cire masa hannu, alamar al'umma ba ta son ta ga damuwa ta samu wurin zama. Can ƙarshen jerin kuma akwai haɗiyar zuciya, wato mutuwar da baƙin ciki ya haddasa. Al'ummar da ta raɗa wa irin wannan mutuwa suna ta daɗe da sanin cewa abin da yake cin rai yana iya cin jiki.

Lewis Wall, wanda ya yi bincike a wani ƙauye kusa da Malumfashi kuma ya wallafa littafinsa a kan magungunan Hausawa a 1988, ya nuna cewa kalmar lafiya ta zarce rashin ciwo. Ta haɗa da daidaituwar mutum da gidansa da garinsa da abin hannunsa. Gaisuwar yau da kullum ta tabbatar da haka, domin ana tambayar gajiya da aiki da iyali da sanyi ko zafi, amsar duka kuma ita ce lafiya. Damuwa ke nan, a wannan mahanga, tangarɗa ce a cikin wannan daidaito.

A ɓangaren kimiyya, Hans Selye ne ya fara fayyace lamarin a 1936, yana aiki a Jami'ar McGill ta Kanada. Ya lura cewa ɓerayen da aka gallaza wa ta hanyoyi mabambanta, ko sanyi ko rauni ko guba, jikinsu yana mayar da martani iri ɗaya, a matakai uku: firgita, da dagewa, da ƙarewar ƙarfi. A matakin farko jiki yana sakin sinadaran adirenalin da kotisol, zuciya ta ƙara bugu, jini ya hau, suga ya ƙaru a jini. Wannan shiri ne mai amfani ga wanda ya yi kiciɓis da maciji a kan kunya. Illar tana zuwa ne idan abin tsoron bai gushe ba. Bashi ba ya shigewa rami kamar maciji. Yana kwana da mutum ya tashi da shi, jiki kuma ya ci gaba da zama cikin shirin gudu har ya gaji.

Richard Lazarus da Susan Folkman sun ƙara wani mataki a 1984. A wurinsu, nauyin damuwa ya danganta da yadda mutum ya auna abin da ya same shi da kuma yadda ya auna abin da yake da shi na tunkara. Sun raba tunkarar gida biyu: wadda take fuskantar matsalar kanta don a sauya ta, da wadda take fuskantar zuciya don ta iya ɗauka. Wannan rabo zai yi amfani a gaba, domin kusan duk muhawarar haƙuri a kansa take juyawa.

3.0 Kalandar Damuwa

Damuwar karkara tana da lokutanta, kuma duk wanda ya san shekarar manomi zai iya hango su. Bazara lokacin sharar gona ne da neman iri da kuɗin taki, ga zafi da ƙarancin ruwa. Da damina ta kankama sai aiki ya yi yawa abinci ya yi kaɗan. A marka, wajen watan Agusta, hatsin bara ya ƙare na bana bai nuna ba, sauro ya yi yawa, zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da yara. Polly Hill, a nazarinta na Batagarawa da aka buga a 1972, ta bayyana tarkon da ƙaramin manomi yake faɗawa: yana sayar da hatsi da kaka lokacin da ya fi araha domin biyan bashi, ya dawo ya saya da tsada a damina, kuma domin ya samu na sayen sai ya tafi ƙwadago a gonar wani daidai lokacin da tasa take buƙatar noma. Amfanin da zai girbe ya ragu ke nan, badi kuma a sake komawa gidan jiya. Fiye da shekara hamsin da wancan rubutu, manomin Gwarzo da Kabo zai gane kansa a ciki.

Kalandar makarantar boko ba ta yi la'akari da wannan ba. Sabuwar shekarar karatu tana farawa a Satumba, kafin dawa ta isa yanka, wato lokacin da aljihun uba ya fi kowane lokaci bushewa. Ko da gwamnati ta ɗauke kuɗin makaranta, kayan makaranta da littattafan rubutu da kuɗin mota suna nan. A wannan gaɓa ce yara da yawa suke fara fashi, daga fashi kuma sai dainawa.

Ɗalibin da ya jure ya kai babbar sakandare yana da nasa tsaunin. A Jihar Kano akwai jarrabawar tantancewa da aka fi sani da kwalifayin, wadda ake yi a aji biyu na babbar sakandare, kuma da sakamakonta gwamnati take zaɓen waɗanda za ta biya wa kuɗin NECO. Ga ɗan mai hali, faɗuwa a cikinta abin kunya ne kawai. Ga ɗan talaka tana iya zama ƙarshen karatu, domin kuɗin rajistar yakan ci akuya ko buhun hatsi. Sannan ga jarrabawar JAMB, wadda tun 2015 gaba ɗayanta a kwamfuta ake yi, alhali yaron ƙauye yana iya kammala sakandare bai taɓa zama gaban kwamfuta na awa guda ba. Wanda ya tsallake ya shiga jami'a kuma bai tsira ba: yajin aikin malaman jami'o'i na 2022 ya ɗauki wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba.

Tun 1960 wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan Kanada, Raymond Prince, ya bayyana wani yanayi da ya gani a tsakanin ɗaliban kudancin Nijeriya: zafi ko jin abu yana yawo a kai, da dishi-dishin ido idan an buɗe littafi, da karanta shafi ba tare da an riƙe komai ba. Abin lura shi ne ɗaliban ba su ce suna cikin damuwa ba, sun ce ƙwaƙwalwarsu ce ta gaji. Masana da suka biyo baya sun danganta yanayin da nauyin fatan da dangi suke ɗora wa yaron da aka haɗa ƙarfi aka tura makaranta. A gidan da mutum ɗaya ne ya yi nisa a boko, sakamakon jarrabawarsa na gidan ne gaba ɗaya, kuma ya san haka.

A kan wannan tsohuwar kalanda ne sabon matsi ya sauka. Cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023 ya ɗaga farashin lita daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da naira 500 cikin 'yan kwanaki. A karkara, fetur shi ne kuɗin kai mara lafiya asibiti a kan babur, shi ne ban-ruwan noman rani, shi ne niƙa. Malamin firamare da ƙaramin ma'aikacin lafiya da suke zuwa aiki daga wani gari sun wayi gari kuɗin mota yana cinye kaso mai yawa na albashi.

4.0 Haƙuri da Ginshiƙansa

A. H. M. Kirk-Greene, a nazarinsa na 1974 a kan mutumin kirki a wurin Bahaushe, ya sanya haƙuri a cikin siffofin da ake auna mutum da su, tare da gaskiya da amana da kunya da sauransu. Karin magana ya cika da yabonsa: mahaƙurci mawadaci; haƙuri maganin zaman duniya; mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa. Wasu masu nazari na zamani sun ɗauki wannan a matsayin koyar da miƙa wuya, suna ganin al'adar ta hana mutum fitar da abin da yake ransa. A maganarsu akwai ƙamshin gaskiya, musamman idan aka tuna cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Sai dai sun dubi kalmar, ba su dubi abin da yake kewaye da ita ba.

A dubi yadda ake furta ta. Wanda yake cewa a yi haƙuri, a al'ada, ya tako ne da ƙafarsa. Ya zo jaje ko ta'aziyya ko dubiya, ya zauna a kan tabarma, galibi kuma bai zo hannu rabbana ba. Zaman makoki na kwana uku yana nufin ba a bar mai rashi shi kaɗai a lokacin da raɗaɗi ya fi tsanani ba, kuma maƙwabta ne suke ɗauke wa gidan girki. Mai takaba tana da wata huɗu da kwana goma da mata suke leƙa ta a cikinsu. Haƙurin da ake nema daga mutum, ke nan, rabin ciniki ne. Ɗaya rabin yana wuyan mai ba da haƙurin.

Haka abin yake a fagen nema. Gandu ya tara uba da 'ya'yansa a gona ɗaya da rumbu ɗaya, ta yadda rashin lafiyar mutum ɗaya ba ya tsayar da noma. Gayya ta ba wanda aiki ya sha wa kai damar kiran samarin gari su nome masa da tuwo da fura kawai. Adashi ya mayar da ɗan abin da mace take samu daga ƙuli-ƙuli ko kitso ko saƙa ya zama dunƙulallen kuɗi a ranar kwasa. Ci-rani ya rage bakunan da suke cin rumbu, ya kuma dawo da ɗan jari. Idan aka auna waɗannan da ma'aunin Lazarus da Folkman, duk suna fuskantar matsalar kanta ne. Bahaushe bai tsaya ga lallashin zuciya ba, ya gina hanyoyin rage nauyin.

Wurin da hikimar tsarin ta fi fitowa shi ne cikin iyali. Kunya ta rufe wasu ƙofofi: ɗa ba ya kai wa mahaifinsa kukan zuciya kai tsaye, uwa tana kawar da kai daga ɗan fari, suruki da suruka ba sa sakin jiki. Amma duk ƙofar da kunya ta rufe, akwai wata da al'ada ta buɗe a gefenta. Jika yana wasa da kaka, yana kuma iya gaya mata abin da ba zai gaya wa uwarsa ba. Akwai kawu da gwaggo, akwai taubashi da ake zolaya, akwai amini ga namiji da ƙawa ga mace. Tarihin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta aka buga a 1954, ya nuna irin matsayin da ƙawance yake da shi a rayuwar mace, har ya zama alaƙa da ake ƙullawa da sani ana kuma kiyaye haƙƙinta. Ko wasan barkwanci tsakanin Kanawa da Zagezagi, ko Fulani da Barebari, wata kafa ce ta faɗin magana mai nauyi cikin dariya.

Yaji ma yana cikin wannan lissafi, duk da kallon raini da ake yi masa. Matar da tura ta kai bango tana da hanyar da al'ada ta sani ta ficewa zuwa gidan iyayenta ba tare da aure ya mutu ba. Mijin dole ya yi biko, biko kuma yana nufin manya za su ji abin da ya faru. Wato yaji yana fitar da matsala daga ɗaki ya kai ta zaure. Goyon ciki kuwa yana mayar da mai haihuwar fari gaban mahaifiyarta a lokacin da ta fi buƙatar mai kula. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa a ƙasashe masu tasowa kusan mace ɗaya cikin biyar tana fama da larurar ƙwaƙwalwa bayan haihuwa, galibi ciwon baƙin ciki mai tsanani, don haka kwana arba'in na hutu da kulawa ba ƙaramar kariya ba ce. Wannan bai wanke duk abin da ake yi a jego ba. Likitoci a Zariya tun shekarun 1970 sun danganta yawan shan kunun kanwa da tsananin zafin wanka da kwanciya a gadon wuta da ciwon zuciyar masu jego. Kulawar ce abin riƙewa, kanwar kuwa a rage ta.

Ta fuskar addini ma, malamai ba su fassara haƙuri da haɗiye ciwo ba. Ƙissar Annabi Yaƙubu a cikin Suratu Yusuf ta haɗa kyakkyawan haƙuri da baƙin cikin da ya taɓa ganinsa, kuma littattafan sira sun kira shekarar rasuwar Nana Khadija da Abu Ɗalib shekarar baƙin ciki. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934 Miladiyya, ya rubuta littafi a kan kula da jiki da rai, inda ya bambanta baƙin cikin da aka san sababinsa da wanda yake saukar wa mutum ba gaira ba dalili, ya kuma ce na biyun yana buƙatar maganin likita. Malamin da zai ce wa mai irin wannan ciwo raunin imani ne yake damunsa ya saɓa wa magabatansa.

5.0 Inda Bango ya Tsage

Alamun rushewar gandu sun riga sun bayyana. Gado yana rarraba gonaki suna ƙanƙancewa, samari suna fita neman na kansu da babur ko dako ko gadi a Kano da Abuja da Legas. Gayya ta ja baya, ƙwadagon kuɗi ya maye gurbinta. Biki, wanda asalinsa taimakekeniya ne, ya rikiɗe ya zama gasa: gudummawar da aka kawo wa mace bashi ce da za ta mayar da ƙari, lefe da kayan ɗaki da gara kuma sun zama abin da yake hana iyaye barci shekara guda kafin aure. Ba mamaki, domin ko a ma'aunin da Thomas Holmes da Richard Rahe suka fitar a Amurka a 1967, inda mutuwar abokin aure ta samu maki 100 saki kuma 73, aure kansa ya samu 50.

Wayar hannu ta sauƙaƙa gaisuwa, ta kuma rage tafiya. Zumunta a ƙafa take, amma yanzu ana ba da haƙuri ta saƙon murya. Kalmar ta iso, tabarmar da ƙwaryar hatsin ba su iso ba. Matar da mijinta ya yi wata shida a kudu, take riƙe da yara da gona da suruka, idan ta yi ƙorafi amsar da za ta samu ita ce dai wadda kakarta ta samu, alhali kakar tana da faccaloli da ƙawaye da gandu a bayanta.

Idan baki ya yi shiru, jiki yakan yi magana. Mutum ba zai ce yana cikin damuwa ba, zai ce olsa ce ta tashi, ko kansa yana sarawa, ko jikinsa duk ya mutu, ko taifot ce ta dawo. Kemis ne zangon farko, can kuma za a haɗa masa ƙwayoyi ba tare da an auna jininsa ba. Ya kamata a sani cewa gyambon ciki na haƙiƙa galibi wata ƙwayar cuta ce take jawo shi, kamar yadda Barry Marshall da Robin Warren suka gano a farkon shekarun 1980, ko kuma yawan shan magungunan kashe zafin ciwo, waɗanda su ne mai ciwon jiki yake yawan saya. Damuwa tana tsananta zafin cikin, ƙwayar da aka sha don ciwon jiki kuma tana iya ɓarke shi. Hawan jini shi ma yakan daɗe bai nuna alama ba sai ranar da mutum ya yanke jiki ya faɗi.

Matasa sun samo tasu mafitar. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar da tallafin ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, na shekarar 2018, ya gano cewa kashi 14.4 cikin ɗari na 'yan Nijeriya masu shekara 15 zuwa 64 sun sha wata ƙwaya a shekarar da ta gabata. A watan Mayun 2018 ne gwamnatin tarayya ta haramta haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin. Sau da yawa ana kallon shaye-shaye ta fuskar lalacewar tarbiyya kawai, ana manta cewa mai ƙwadagon da ya haɗiyi tiramadol kafin ya shiga gona yana neman ƙarfin aikin mutum biyu ne, matar da take shan kodin a ɗaki kuma barci take nema. Hanyar tunkara ce ita ma, sai dai tana cin mai ita.

6.0 Gyaran Ginshiƙi

Ranar da aka sanar da sa hannun Shugaba Muhammadu Buhari a kan Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, a Janairun 2023, Nijeriya ta rabu da dokar mahaukata ta 1958 da ta gada daga Turawa. Amma likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar ba su kai 300 ba ga mutum sama da miliyan 200. Mutumin Mainika da yake buƙatar ƙwararre sai ya dangana da asibitin Dawanau ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Ba za a iya jiran likita ya iso kowace mazaɓa ba, kuma mafi yawan damuwa ba ta kai ta likita ba.

Akwai darasi a gida da waje. A 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara tsarin ƙauyen Aro a Abekuta, inda aka sauke marasa lafiya a gidajen mutanen ƙauye tare da wani ɗan'uwansu, maimakon kulle su a asibiti. A Zimbabuwe kuma Dakta Dixon Chibanda ya horar da dattawan mata suna zama a kan benci a harabar ƙananan asibitoci suna sauraron masu fama da abin da harshen Shona yake kira yawan tunani, sunan da Bahaushe ma yake amfani da shi. A zama shida, dattijuwar tana taimaka wa mutum ya zayyana matsalolinsa, ya zaɓi guda ɗaya da za a iya taɓawa, ya yanke matakin da zai ɗauka kafin haɗuwa ta gaba. Sakamakon gwajin da aka buga a 2016 ya nuna sauƙi mai yawa ga waɗanda suka bi tsarin. Ƙasar Hausa ba ta rasa irin waɗannan mutane ba: ungozoma, da uwar adashi, da malamar Islamiyya, da limami, da mai unguwa. Abin da suke buƙata shi ne horo kaɗan a kan sauraro ba tare da gaggawar wa'azi ba, da riƙe sirri, da sanin lokacin da magana ta fi ƙarfinsu.

Wannan iyaka tana da alamomi sanannu. Baƙin ciki ko rashin sha'awar komai da ya wuce mako biyu, da ƙauracewar barci ko abinci, da kasa yin aikin da aka saba, da jin muryoyi, da maijego da ta daina kula da jaririnta, duk na asibiti ne. Wanda ya fara cewa gara ya mutu ya huta, ko da cikin wasa ya faɗa, ba a barinsa shi kaɗai, kuma a kawar da maganin feshi da na ƙwari daga inda hannunsa zai kai, domin a gidan manomi su ne mafi kusa. Addu'a da zuwa asibiti ba sa karo da juna.

Ga abin da bai kai haka ba, rabon Lazarus da Folkman ya isa jagora: a fara tambayar ko abin yana sauyuwa. Ɗalibin da jarrabawa ta tunkaro yana da abin yi. Tun 1885 Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa maimaici da aka rarraba a kan kwanaki ya fi zama a kai bisa wanda aka cusa a dare ɗaya, abin da almajiri mai tilawa da asuba ya daɗe da sani. Raba dare da kofi ko goro ana karatu yana cinye barcin da ƙwaƙwalwa take buƙata don ta adana abin da aka karanta. Magidanci yana iya ware buhun kuɗin makaranta tun ranar sussuka, ƙungiyar iyaye da malamai kuma tana iya mayar da karɓar duk wata gudummawa zuwa bayan kaka. Ma'aikacin da ya haura shekara arba'in ya riƙa auna jininsa, ko da bai ji komai ba. Awo da ya riƙa kaiwa 140 bisa 90 ko sama yana buƙatar ganin ma'aikacin lafiya. Abin da ba ya sauyuwa kuwa, kamar rashi ko fari ko ciwon da ba ya warkewa, nan ne gurbin haƙuri na asali, kuma nan ne ake buƙatar mai zuwa ya zauna.

A makarantu, ofishin malamin ba da shawara ya fi zama suna a takarda, galibi an ɗora wa malamin da yake da darussa cike da mako. A makarantar karkara da malami ɗaya yake riƙe da aji mai cunkoso, matakin da ya fi sauƙi shi ne kowane malamin aji ya riƙa bin rajista: yaron da ya yi fashin kwana uku a jere a watan Satumba ko Oktoba, a tura a tambayi gidansu kafin a ɗauko bulala.